Albasa a Gurbin Tasa

Ɗakin da aka mayar ɗakin tarihi a garinmu nawa ne, kuma ba a tambaye ni ba. Da wannan nake so in fara, don duk mai ba da labarin nan yakan tsallake wurin. Shago ne a jikin zaurenmu mai ƙofa biyu, babba ta waje, ƙarama ta cikin gida, kuma a ciki nake baza albasata. Ni 'yar ƙauyen Magarya ce, gidanmu manoma ne kaf, kowace shekara in an cire albasa a fadama yayyena sukan aiko mini da rabona a kan jaki. Shagon yana da sanyi da iska, albasa takan kai tsakiyar damina a ciki ba ta ruɓe ba. Haka muke zaune lafiya ni da shagona har Malam ya dawo daga kwas.

Malam shi ne maigidana, malamin elemantare a garin namu da ke tsakanin Wurno da Rabah, ɗan gidan malamai tun kaka da kakanni. Turawa na nan a lokacin, ko da yake an fara raɗe-raɗin sun kusa tattara nasu-ya-nasu. En'e, hukumar gargajiya, ta tura shi wani babban gari ƙaro ilimi na wata uku. Matan da mazansu suka yi irin wannan tafiya an kawo musu atamfa da turare, ni labari aka kawo mini. Wai ya ga wani gida da ake ajiye tsofaffin kaya a bayan gilashi, har da tukunyar da ta fashe, ga mai gadi da kaki tsaye a kanta. Na ce masa in dai fasasshiyar tukunya ake wa gadi, to mu attajirai ne ba mu sani ba, ya leƙa bayan madafa ya gani. Bai yi dariya ba. Malam in abu ya shiga kansa ba ya jin ba'a.

Amma in za a faɗi gaskiya, yana da hujja. A shekarun nan kwanon sha da langa suka shigo, mata suka riƙa zuba wa kaji ruwa a akusan da kakanninsu suka ci tuwo a ciki. Dillalai na bin kasuwar Gandi da ta Goronyo suna kwashe tsofaffin takubba da kayan tagulla, ana cewa Turawa suke kai wa. Tsofaffin da suka san wa ya haƙa rijiyar farko da inda ganuwa ta bi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ce yaran ajinsa sun haddace sunayen kogunan ƙasar Turawa, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe wuri a hannu, kuɗin da aka auro kakarsa da shi.

Ya kai maganar gaban dattawa a ƙofar masallaci, wadda ba ta da nisa da zaurenmu. Wasu suka yi na'am, wasu suka yi shiru. Wanda ya tsaya kai da fata shi ne sarkin noma, wani ƙaton dattijo mai babbar murya, wanda in yana gaisawa da mutum a bakin kasuwa sai ka ɗauka faɗa ake. Ya ce, “Malam, kai ɗan boko na, kullum kana tare da Nasara. Wa yas sani ko tara musu kaka son yi wuri guda, su zo da mota su kwashe?”

Maganar ta soki Malam ƙwarai. Nan take ya miƙe a gaban liman ya rantse cewa duk abin da ya shiga ɗakin amana ne, ko allura ba za ta fita ba muddin yana da rai. Ya ƙara da cewa ranar da aka nemi wani abu aka rasa, a kira shi maci amana a gaban kowa. Wanda bai san garinmu ba zai ga kamar magana ce kawai. A wurinmu wanda aka liƙa wa wannan suna ba mai tura ɗansa ajinsa, ba mai kiransa shaidar ɗaurin aure. Malam kuwa ba gona ba shanu, kyakkyawan sunan nan shi ne duk abin da ubansa ya bar masa.

Da aka zo maganar wuri, sai aka ga wai duk garin babu ɗaki mai ƙofar waje da ya kai shagona. Na dawo daga barka na tarar an kwashe albasata an jibge a ƙarƙashin rumfa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na ce a gaya mini ranar da aka taɓa sa tarihi a miya. Malam ya bar ni na gama, sannan ya ce zai sa a yi mini wata rumfar mai kyau. An yi ta, amma sai bayan wata huɗu.

Ranar da aka yi gayyar gyaran ɗakin fushina ya tafi, ban san sanda ya tafi ba. Magina suka sake yaɓe suka shafe bango da makuba. Masassaƙa suka kafa azara a jikin bango suka yi kantoci. Mu mata muka yi daɓe, muna buga ƙasa muna waƙa har ta yi santsi, sannan muka shafe ciki da farar ƙasa. Kwana uku ina dama kunu a babbar tukunya. Daga nan kaya suka fara zuwa: takobi da garkuwar fata, kwari da baka, mazari, ƙoshiyar saƙa, tandu, akusa manya da ƙanana sun fi ashirin, da wuri cike da ƙwarya. Liman ya kawo kurtun tawadar kakansa. Maƙeri ya kawo wani tsohon awartaki. Sarkin noma, da ya ga kowa na kawowa, shi ma ya aiko da sungumin da kakansa ya yi shuka da shi. Kowane abu Malam ya zaunar da mai shi ya ji labarinsa, ya rubuta a 'yar takarda, ajami a sama boko a ƙasa, ya ajiye a gabansa. A jikin takardun nan na ƙarasa koyon karatun boko, ina shara ina haɗa baƙi.

Ƙofar waje ya sa mata ƙaton kwaɗo, mabuɗin kullum a aljihunsa. Ta cikin gida kuwa asabari ne kawai a rataye. Ya ce ba sai an kulle ta ba tunda daga ni sai yara a gidan, kuma ni ce mai shara. Ranar Alhamis da hantsi yakan kawo 'yan makaranta, ranar Jumma'a bayan an sauko masallaci ya buɗe wa jama'a. Sauran kwanaki ba ya shiga, makaranta ta cinye shi.

Abin da ya fi komai kyau a ɗakin wata babbar tasa ce ta tagulla, Malam ya ba ta tsakiya. Ta Inna ungozoma ce, uwar sarkin noma, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ta rankwafa amma duk garin ba mai ɗaga mata murya. Wurin kakarta ta gaji tasar, kuma a ciki ake yi wa kowane jaririn garin wankan farko. Ɗan nata ne ya ɗauko ta ranar da tsohuwar ta tafi unguwa, ya kawo da kansa yana hura hanci, ba tare da ya tambaye ta ba.

Wata Asabar da hantsi Malam na makaranta, sai ga Inna ta shigo tana dogara sanda. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

Ta ce, “Ɗiyata, ina anka aje tasata?”

Na ce, “Tana ɗakin tarihi, Inna. Malam ya rantse ba abin da ka hita.”

“Shi yar rantse, ba ni ba. An haihu bayan kasuwa, yaro na nan ba a wanke ba. Tarihin nan naku haihuwa shika yi?”

“A'a, Inna.”

“To mi zai yi da tasa?”

Yarana biyu a cikin tasar nan ta wanke su, ita ta zauna da ni kwana da kwanaki ina jego. Ina zan kai fuskata in hana ta abinta? Na ɗaga asabari na ɗauko mata. Ta naɗe ta a zane ta goya a baya ta fita. Kafin la'asar ta dawo da ita, ta goge ta da toka tana ƙyalli fiye da dā. Na yi niyyar gaya wa Malam a ranar, Allah ya sani. Amma ya dawo bakinsa har kunne, wai mutanen Rabah sun aiko za su zo ganin ɗakin, sai na haɗiye maganata na ce gobe. Goben ba ta zo ba.

A garinmu abin da mace ɗaya ta sani da safe, kafin azahar mata goma sun sani. Kuma mu mutane ne da muka tashi da aro. Turmi, tsani, babbar tukunya, gatari, duk yawo suke gida-gida, wanda ya hana aro shi ake nunawa da baki. To ga kayan mutane a ɗaki ɗaya a jere, an share an goge, ga ni a bakin ƙofa. Mai bikin suna ta zo aron akusa. Mai kaɗi ta ce mazarin uwarta ya fi zama a hannu, sabon da ta saya rawa yake. Duk wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ranar da matar maƙeri ta shigo tana waige-waige, ta raɗa mini cewa maigida ya ce a ara masa awartakin nan na kwana biyu, amma kada kowa ya ji. Bayanta sai Gwaggo matar liman, wai hannun liman ya fi gudu in da kurtun kakansa yake rubutu, amma kada kowa ya ji. Da damina ta matso sai ga matar sarkin noma da kanta, wai bai taɓa fara saran shuka da wani sungumi ba in ba na kakansa ba. Ita ma ta ce kada kowa ya ji, musamman Malam.

Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ake wa wannan alfarma. Ranar Jumma'a ina leƙensu ta asabari suna zagaya ɗakin hannu a baya, suna gyaɗa kai, suna yaba wa Malam riƙon amana, kowa na kauce wa kallon nasa kayan. Nakan toshe baki da gefen zane in koma madafa in yi dariyata.

Doka ɗaya na kafa, kuma ban ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba: komai ya dawo ranar Laraba kafin la'asar. Don kada in manta abin da ya fita, duk abin da na ba da sai in ɗauko albasa ɗaya in ajiye a gurbinsa, a bayan takardarsa. In ya dawo in ɗauke albasata. Ɗakin dama bai taɓa rabuwa da warin albasa ba, don haka Malam bai taɓa zargin komai ba. Har ya riƙa alfahari da cewa kayansa ba sa tsatsa, gara ba ta taɓa su, yana cewa aikin makuba ne. Da Baturen da ke duba makarantu ya zo, ya shafa awartaki ya ga yana sheƙi, ya yaba, ya rubuta wani abu a littafinsa. Fiye da shekara muka yi a haka. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba, na zama mai faɗa a ji a cikin mata. Amma duk Laraba da hantsi ba na samun sukuni har sai albasa ta ƙarshe ta bar kanta.

A shekara ta biyu ruwan farko ya sauka ranar wata Jumma'a da yamma. Asabar tun da sassafe gidanmu ya cika da masu aro, har da matar sarkin noma da ta zo ɗaukar sungumi. Can sai ga Inna. Jikarta, 'yar sarkin noman da ke aure a Boyekai, ta kusa sauka, an aiko a zo da tsohuwa. Na ce, “Inna, tasag ga ba ta taɓa barin gari ba. Boyekai da nisa.” Ta ce jinin gidansu ba a taɓa wanke shi a wani abu ba, kuma Laraba tana nan tafe. Na ba ta.

Ranar Litinin da hantsi ina surfe sai na ji hayaniyar maza a ƙofar gida. Ashe wani mai zuwa daga hanyar Goronyo ya ce ranar Asabar ya hango jaki ya fita daga gari da wani abu mai ƙyalli a ɗaure, kamar tasa. A makon kuma an ga dillalin tsofaffin kaya a kasuwar Gandi. Sarkin noma ya haɗa wannan da wancan, ya tara dattawa, aka aika makaranta aka kira Malam. Na saki taɓarya na ruga bayan asabari. Kafin in yi wani abu na ji ƙarar kwaɗo.

Malam ya turo ƙofa yana murmushi. Har yau in na tuna murmushin nan sai zuciyata ta yi zafi. Ya ce, “Bismilla, ku shigo ku gani da idonku.” Suka shigo, liman a gaba, haske ya cika ɗakin. Albasa tara ce zaune a kan kantoci, kowace a bayan takardarta, an rubuta mata tarihi da ajami da boko.

Sarkin noma ya taka har tsakiyar ɗakin, ya ɗauki wadda ke gurbin tasa, ya juya ta a hannu. Ya ce, “Malam, wagga ita ta tasar uwata?”

Malam ya dubi wannan kanta ya dubi waccan. Mabuɗin ya suɓuce masa ya faɗi a daɓe. Wani daga baya ya faɗi kalmar nan ta maci amana a hankali, amma ta iso kunnena, kuma na san ta isa nasa.

Tunda aka kawo ni garin ban taɓa magana a gaban taron maza ba. Amma ranar ban tsaya tunanin kunya ba. Na ja lulluɓi na durƙusa a bayan asabari, na ce, “Allah shi gahwarta malam, in an ba ni izini ina da magana. Maigida bai san komi ba. Ni nib ba da aro.”

Liman ya ce, “Aro? Wa kib ba?”

Na ce, “Kowace albasa da mai ita. Wadda ka kusa da taga, kurtun tawada na. Shina gidanka tun Asabar, Gwaggo taz zo tac ce kai ka aiko ta.”

Liman ya yi gyaran murya, ya shafa gemu, ya dubi azara kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce, “Haka na.”

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Awartaki na maƙera. Akusa uku na gidan suna. Tandu na gidan wane. Duk wanda na ambata sai ya sunkuyar da kai, na kusa da shi ya fara murmushi, sai kuma in ambaci na kusan. Da na zo kan sungumi na ce yana gonar sarkin noma tun shekaranjiya, sai wani tsoho ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi shi.

Sarkin noma ya sha mur. Ya ce, “Sungumi nawa na, na ji. Tasa hwa? An gan ta bisa jaki ta hita gari.”

Na ce, “Jakin gidanka na, Baba. Inna ta bisa, ta tahi Boyekai wurin ɗiyarka.”

Mutumin da ya kawo labarin ya sosa ƙeya, ya ce lalle ya ga wani ɗan ƙunshi a kan jakin, shi ya ɗauka tsumma ne. Aka sake dariya. Amma sarkin noma ba mutum ne da ke sauka a gaban jama'a ba. Ya ce ya san uwarsa ta tafi, amma bai ga ta ɗauki tasa ba, kuma mace na iya faɗin komai don ta rufa wa mijinta asiri. In Laraba ta wuce bai ga tasa da idonsa ba, maganarsa na nan. Ya ajiye albasar ya fita, sauran suka bi shi.

Kafin azahar kaya takwas sun dawo, sungumi har da danyar ƙasa a bakinsa. Saura albasa ɗaya a tsakiyar ɗaki. Da Malam ya shigo gida na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, “Na ji,” ya wuce. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na gane ba aron ne ya fi yi masa ciwo ba. Abin da ya ci shi shi ne fiye da shekara duk gari an sani, shi kaɗai ke yawo da mabuɗi a aljihu yana alfahari.

Ranar Talata yara da yawa ba su je makaranta ba, iyayensu sun ce a jira a gani. Ruwa ya sake sauka, aka ce rafukan hanya sun kawo. Na kasa cin abinci. In haihuwar ta yi jinkiri fa? In Inna ta ce sai ta ga suna? In jaki ya zame a rafi tasa ta bi ruwa? Duk wanda ya faru a cikin ukun nan, ni ce na ɗauki sunan mutumin da bai taɓa cin ƙwayar geron wani ba na jefa a kwata. Na yi kuka a madafa, na ce wa yara hayaƙi ne.

Laraba na share ɗakin sau uku don in sami abin yi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Rana ta yi ja, maza sun fara taruwa a ƙofar masallaci, sai na ji ana buga wani abu kamar ƙararrawa. Na leƙa ta zaure. Inna ce a kan jaki, zanenta duk taɓo, ta rungume tasa tana dukanta da sanda. Ashe tun a hanya labari ya tarye ta, ko gida ba ta biya ba. Ta sa aka sauke ta a gaban dattawa, ta kira ɗanta da sunan da take kiransa yana yaro, wanda ba zan rubuta ba don jikokinsa na raye.

Ta ce, “Ga tasa, dube ta da kyau. Cikinta anka wanke ka, kana ihu kamar yadda kaka yi yanzu. Jiya niw wanke jikanka cikinta, namiji na. Kai kaɗ ɗauke ta ba ka tambaye ni ba, ni ko niɗ ɗauki abuna. Yaron ga bai sai da komi ba.” Ta juya ga Malam ta ce, “Kai ma ni niw wanke ka. Ka rubuta wannan ga takardar taka, ban ga ka sa ba.”

Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a gaban uwarsa. Ni kuwa na zauna a dakalin zaure ina dariya hawaye na zuba.

Ranar Alhamis aji ya cika. Ranar Jumma'a bayan salla sarkin noma ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya zargi Malam a kan abin da bai yi ba, yana neman gafara, kuma duk wanda ya sake faɗin kalmar nan da shi zai yi. Ba sai an ba ni labari ba, daga madafa na ji shi. Dattawa suka zauna suka warware rantsuwar, suka ce daga yau mai abu na iya aron abinsa a fili, ya dawo da shi. Liman ya ce a ganinsa babu laifi a kan wanda bai sani ba, amma Malam ya ce zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya ciyar da mabukata goma, tunda dai ya rantse kuma kaya sun fita. Dattawan suka ce to hatsin nasu ne, tunda su suka ja. Kafin magariba zaurenmu ya cika da damman gero, mafi girma daga gidan sarkin noma.

Duk wannan ana yi, tsakanina da Malam gaisuwa ce kawai. Sunansa ya wanku a gari, na gode wa Allah, amma ni ban san matsayina ba. Na fara tunanin ko zai sa a toshe ƙofar cikin gida da tubali, kuma da ya yi ba zan ce ya zalunce ni ba.

Asabar bayan an tashi makaranta maƙwabta suka zo taya ni tuƙa tuwon sadaka. Na bar su a madafa na shiga ɗakin tarihi ina goge kantoci. Sai na ji an tsaya a bayan asabari, daidai inda mata ke tsayawa, an yi gyaran murya, an yi sallama ƙasa-ƙasa. Muryar Malam ce. Na amsa, tsumma a hannuna.

Ya ce, “Mai ɗaki, ko za a ara mani akusa goma? Baƙi gare ni.”

Na tsaya ina kallon inuwarsa a jikin asabari, daɗi ya cika ni. Na ce ya shigo ya zaɓa da kansa. Ya shigo, muka tsaya a gaban kanta, ina miƙo masa yana karɓa, ya ƙi wani mai tsaga ya ce miya za ta zube. Na nuna masa hanyar cikin gida, don ta fi kusa da madafa. Ya girgiza kai, ya zaro mabuɗi ya miƙa wa babban ɗanmu ya zagaya ya buɗe kwaɗo. Ya jera akusan biyar-biyar a hannu, ya fita da su ta ƙofar waje da rana tsaka, yana amsa gaisuwar mutane.